Yadda sabon shafin labaran unguwa zai samu wurin zama a Damagaram

Abin da ya fi kashe sabon shafin labarai a Damagaram shi ne kwaikwayo. Samari uku ko huɗu su haɗa ƴan kuɗinsu, su buɗe shafi, su raɗa masa suna mai daɗi, sa'an nan su duƙufa kwafo sakamakon taron ministoci da jawaban manya, abin da kafofin gwamnati, Le Sahel da ANP da Télé Sahel, suka riga suka bayar tun jiya. Mai karatu ya leƙo sau ɗaya, ya ga babu abin da bai sani ba, shi ke nan ba ya sake dawowa. Kafin wata uku forfe ya ƙare, gwiwa ta yi sanyi, shafi ya koma kufai.

Kafin ku kashe ko dala ɗaya, ku zauna ku auna waɗanda kuka tarar a fage. Tsohuwar jarida tana da suna, hukuma ta san ta, ana gayyatarta taro, kuma ita ake kai wa kominike da sanarwar neman ƴan kwangila, inda kuɗin yake. A waɗannan ba za ku kamo ta ba cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma akasarin jaridun takarda da Faransanci suke fita, yawancinsu a Yamai ake buga su, tafiyar kusan kilomita 900, wasu mako-mako, wasu ma sai wata. Shafukansu ƙidayayyu ne, ba za su ɓata rabin shafi a kan kwalbatin da ta toshe a Karkada ba. Babban abokin gogayyarku na gaskiya shi ne rediyo: Anfani, Shukurah, Alternative, da tashar jiha ta Voix du Sahel. Da Hausa suke magana, suna shiga har ɗakin tsohuwa. Rauninsu ɗaya ne, maganar rediyo iska ce. Wanda ya fita alwala lokacin da aka karanta sanarwa ta wuce shi, kuma rediyo ba ta iya nuna jerin sunaye ko hoton akuyar da ta ɓata. Gurbinku yana nan: ƙaramin labari na kusa, tabbatacce, wanda ake iya komawa a duba.

Ku dubi Aïr Info ta Agadas, wadda Ibrahim Manzo Diallo ya kafa a 2002. Ƙarfinta ya fito ne daga tsayawa a kan yankinta, har ta kai duk mai son sanin abin da ke gudana a arewa sai ya leƙa ta.

Ku yanki gonar da za ku iya nomewa

Jihar Damagaram tana da gundumomi 10, tun daga Magarya har Tesker, birnin kuma an raba shi komin 5. Kada ku ce duka za ku ɗauka. Ku fara da unguwa uku ko huɗu, misali Birni, Zango, Sabon Gari da Garin Malam, ko duk inda ku kanku kuke kwana. Ma'aunin mai sauƙi ne: wurin da ɗan kabu-kabu ba zai kai ku cikin minti 20 ba, ku bar shi tukuna. Kowace unguwa a ba ta wakili ɗaya, ɗan cikinta, wanda mai unguwa ya san ubansa. Cikin wakilan dole a samu mace, domin labarin ruwa da rigakafi da tsadar cefane a cikin gida yake, kuma gidaje da yawa ba a shiga. Miriya da Matamai da Magarya sai bayan wata shida, idan an samu mutum tsayayye a can.

Ruwa da kuran su ne labarin kullum. Garin a kan dutse yake zaune, shi ya sa tun da daɗewa daga nesa ake jawo masa ruwa, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya kuma Ganaram. Duk wanda ya yi bazara a nan ya san layin bidodi. Kowace safiya wakili ya tambayi gida uku da ba a layi ɗaya suke ba: famfo ya zo? Ƙarfe nawa ya zo, ƙarfe nawa ya ɗauke? Nawa ƴan garuwa ke saida bido mai lita 25? Dalilin gida uku shi ne, gidan da ke gangare yana iya samun ruwa na kan tudu bai samu ba, sai ku ce unguwa ta samu, rabin unguwa su ƙaryata ku. Idan yankewar ta wuce kwana ɗaya ku kira NDE, wadda ta karɓi aikin rarraba ruwa daga SEEN a farkon 2024, ku ji dalili. Haka za ku yi da NIGELEC in kuran ya ɗauke. Ko sun amsa ko ba su amsa ba, ku faɗa wa jama'a cewa kun tambaya, da ƙarfe nawa. Duk wannan a riƙa zuba shi cikin kaye ɗaya ko tebur na kwamfuta. Bayan wata uku kuna da lissafin kwanakin da kowace unguwa ta yi babu ruwa, abin da babu jaridar da ta mallaka, kuma da shi ake rubuta labarin da hukuma ke amsawa.

Farashin kasuwa shi ne na biyu, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Ranar Alhamis Kasuwar Dole take cika, Miriya kuma Lahadi. Ku zaɓi kaya kamar takwas ku tsaya a kansu: hatsi, dawa, masara, wake, shinkafa, man gyaɗa, sukari, da canjin naira, saboda masu bin hanyar Kano ta Ɗan Barto ko ta Magarya. Kowane kaya a tambayi mutum uku a layi daban-daban, a rubuta mafi araha da mafi tsada. A faɗi ma'auni, tiya ce ko buhu, kuma buhun mai kilo nawa. A je lokaci ɗaya kowane mako, don farashin hantsi daban, na la'asar daban, idan ƴan ƙauye sun fara haramar komawa gida. Mai kaya in ya ji ɗan jarida ne sai ya ƙara ko ya rage yadda ya ga zai amfane shi, don haka ya fi kyau wakili ya ɗan tsaya gefe ya ji yadda aka sallama wa mai saye na gaske. Sai kuma tarkon da ke kama kowa: a kasuwa da dala ake lissafi. Mai hatsi ya ce maka tiya ɗari da ashirin, yana nufin dala 120, wato sefa 600. Wakili ya rubuta 120 kawai, wanda ke Yamai ko Kano ya karanta ya ɗauka hatsi ya faɗi warwas. Kullum ku rubuta duka biyu, dalar da sefar. Idan OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, ta fito da hatsi mai rangwame, ranar da wurin saidawa da takardar da ake zuwa da ita sun fi jawabin buɗe taron amfani nesa ba kusa ba.

Sauran kuma sanannu ne: rasuwa da wurin zaman makoki, cigiya, ranakun rigakafi musamman lokacin sanƙarau, kantin maganin da ke gadin dare, ranar komawa lakkol, sakamakon BEPC da BAC, hanyar da ruwa ya yanke da damina, shirin hawan salla a ƙofar fada, da kokowa idan ana neman takobin ƙasa.

Murya ta riga rubutu

Da yawa daga cikin waɗanda suka fi buƙatar labarinku ba sa karanta Faransanci, wasu ko bokon Hausa ba su saba da shi ba, ajami suka sani. Saboda haka gangar jikin aikin ita ce saƙon murya na minti uku, sau ɗaya ko biyu a yini, a lokacin da ba ya canzawa, a ce ƙarfe bakwai na safe da bayan magariba. Tsayuwar lokaci ta fi tsawon labari muhimmanci. Mai shayi da ƴan fada in sun san ƙarfe bakwai yana zuwa, su da kansu za su riƙa jira. Ga yadda farkonsa zai kasance, a misali:

"Assalamu alaikum. Shafin kaza ne, yau Alhamis 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe. Ruwa: famfo ya zo Birni da Zango tun ƙarfe uku na dare. Garin Malam yau kwana biyu bai zo ba, mun kira masu ruwa jiya da la'asar, sun ce ana gyaran bututu. Rasuwa: ..."

Ku lura da sunan shafi da rana da sa'a a jimlar farko. Wannan ba ado ba ne. Saƙon murya yana yawo daga salula zuwa salula har makonni, kuma labarin gaskiya na watan jiya, in ya dawo yau babu kwanan wata, ya zama ƙarya da muryarku a kai. Hoto ma haka, a buga masa kwanan wata da sunan shafi a jikinsa, ba a ƙasansa ba, domin rubutun ƙasa yana zubewa idan an tura.

A yi ɗaukar murya cikin ɗaki mai labule ko katifa, a kashe fanka, salula ta yi nisan taƙi ɗaya da baki. Idan za a ajiye a shafi, a mayar da shi MP3 mai 32 kbps, minti uku zai tsaya wajen KB 720, wanda ko rezo mai rauni zai sauke. Hoton salula kan kai MB 3 zuwa 5. A rage faɗinsa zuwa pixel 1200, nauyinsa ya dawo wajen KB 100. Mai karatu da ya ga shafinku yana cinye masa mega zai guje ku ko da labarinku zuma ne. Bidiyo sai inda ido ya zama dole, kuma kada ya wuce minti ɗaya.

WhatsApp shi ne babbar hanya, sai ku san iyakokinsa. Zaure ɗaya, wato gurup, ba ya wuce mutum 1,024. Jerin aikawa na bai-ɗaya mutum 256 ne, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarku a salularsa, abin da ke sa wasu su yi ta aikawa suna mamakin shiru. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ta fi dacewa: ba ta da wannan ƙuncin, mabiya ba sa ganin lambobin juna, abin da ke kwantar wa mata hankali, kuma babu mai jefo muku maganar da za ta jawo rigima. Idan kun buɗe zaure, ku kulle shi sai masu kula kaɗai ke rubutu, ku ware lamba ɗaya daban ta karɓar labari da ƙorafi. Kada ku riƙa jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba. In da yawa suka kai ƙara za a toshe lambar, ku wayi gari duk jama'ar da kuka tara ta watse.

To mene ne amfanin shafin intanet ɗin kansa? Shi ne rumbu. WhatsApp da Facebook gidan haya ne, mai gida yana iya canza doka ko ya kore ku. A shafinku ne farashin makon jiya da jerin sunaye suke zama, a nan ne Google ke kawo ɗan Damagaram da ke Libiya ko Aljeriya. WordPress, manhajar gina shafi, da fuska marar nauyi ya isa. Sunan shafi mai .com ba ya wuce kamar jaka 10 (sefa 10,000) a shekara, wurin ajiya ƙarami ƴan jakunkuna ne a wata. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a bar yaron da ya haɗa shafin ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa. Ran da kuka saɓa ko ya yi tafiya, ya tafi da gidan gaba ɗaya. A yi rajista da imel na shafin, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel, a sa tunatarwa wata guda kafin kuɗin shekara ya ƙare.

Game da rubutu, kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to ku rubuta ta da mutunci. Gboard, manhajar rubutu ta salula, yana da allon Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Bambancin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, yana iya juya labari. Amma a adireshin kowane labari a bar haruffan ba lanƙwasa, don ba su da kyau idan an tura mahaɗi. Mutane suna nema da suna biyu, Zinder da Damagaram, Mirriah da Miriya, sai a sa dukansu a kanun labari ko layin farko. Layi uku na Faransanci a ƙarƙashin manyan labarai ba asara ba ne, domin ma'aikata da ƙungiyoyi masu ba da talla da shi suke aiki.

Kayan aiki ba su da yawa: salula mai kyamara mai kyau, batirin ajiya na 20,000 mAh, ƙaramin faifan sola, da layi biyu na kamfani daban-daban, ko Airtel da Moov, ko Zamani da Niger Telecoms, don ran da rezo ɗaya ya faɗi. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, salula da aka bari a rana tana caji ba ta daɗewa.

Sauri ba naku ba ne

Duk saurinku, wani da ke tsaye a wurin ya riga ku turawa. Lokacin da tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe da ruwan sama a farkon Satumban 2024, bidiyon ya zagaya duniya kafin kowace kafa ta buɗe baki. Abin da ya rage wa shafin unguwa a irin wannan rana shi ne tambayoyin da bidiyo ba ya amsawa: akwai wanda ya ji rauni? Ina za a yi salla yanzu? Gidaje nawa ne a kusa suka tsage? Me fada da hukuma suka ce? Wanda ya kawo wannan bayan awa biyu ya fi wanda ya sake tura bidiyon bayan minti biyu.

Ƙa'idar ita ce majiya biyu da ba daga bakin juna suka ji ba. Mutum biyar a fada ɗaya majiya ɗaya ce. In wurin yana cikin gonarku, a hau kabu-kabu a je, gani ya kori ji. Hoton da aka turo a saka shi a Google Lens, mai gano asalin hoto, sau da yawa za a tarar na Kano ne ko na shekara uku da suka wuce. A kuma ce wa wanda ya turo ya sake ɗauko wani yanzu daga wani gefen. Mai gaskiya zai yi, mai turo na wani zai ɓace. Rasuwa ba a sanar da ita sai daga bakin iyali, kuma a kira a ji murya, domin kashe mai rai a shafi kunya ce da ba ta wankuwa. Haɗarin mota ba a sa hoton gawa, ba a faɗin suna kafin dangi su sani. Yaro da aka kama ko yarinyar da aka ci wa zarafi ba a nuna fuska, ba a faɗin unguwa. Wanda ke hannun ƴan sanda "ana zarginsa" ne har sai alƙali ya yanke.

Doka a nan ba wasa ba ce, kuma tsohuwar jarida ta fi ku inuwa. Dokar ƴancin jarida ta 4 ga Yunin 2010 ta cire ɗauri a kan ɓata suna ta hanyar jarida. Amma abin da aka wallafa ta intanet yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a Yunin 2024 aka dawo da ɗauri: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a. Turawa ma yaɗawa ce, "ni ma turo mini aka yi" ba ya fid da kowa. Don haka duk labarin da ya ambaci mutum da laifi, a nemi bakinsa kafin a fitar, a ajiye shaidar an nema. Maganar tsaro a tsaya kan sanarwar hukuma, a faɗi wanda ya fitar da ita. Maganar addini kuwa, waɗanda suka ga tarzomar da ta tashi a garin nan kan zanen Charlie Hebdo ranar 16 ga Janairun 2015 sun san yadda wuta ke saurin kamawa. Sharhin da ke ƙarƙashin labarinku a Facebook ma a riƙa bi ana share zagi.

Idan kun yi kuskure, kuma za ku yi, gyaran ya bi hanyar da kuskuren ya bi. In a muryar safe aka faɗa, a muryar magariba a fara da shi: "Da safe mun ce kaza, ba daidai ba ne, daidai shi ne kaza, a gafarce mu." Share labari a ɓoye ba ya aiki, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Ku kuma yi takardunku. A fito da sunan daraktan shafi da lambarsa a fili, a yi rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, a gabatar da kai ga hukumar da ke sa ido kan kafofin yaɗa labarai. Babu ƙungiya ko ma'aikatar da za ta biya ku talla ba da faktir mai NIF ba. Sa'an nan a yi gaisuwa, da ƙafa: masu unguwanni, fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, ofishin gwamna, kantomomin da ke riƙe da birni da komin tun da aka rushe majalisu a Afrilun 2024, babban asibiti, jami'ar André Salifou. A bar musu takarda mai layi biyar da lambar waya. Wanda ya taɓa ganin fuskarka ya fi saurin ɗaukar kiranka.

Inda kuɗin yake

Ku cire rai daga tallan Google. Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense, tsarin tallan na Google, ya saba karɓa, kuma ba ya biya sai kuɗi ya kai dalar Amurka 100. Manyan sanarwoyin gwamnati da na kamfanoni irin matatar mai ta SORAZ kuwa sun saba da hanyarsu. Naku su ne waɗanda tallan jarida ya fi ƙarfinsu: tela kafin salla, lakkol mai zaman kanta kafin komawar Oktoba, mai saida sola, mai kayan gini, gidan abinci, masu motocin haya, da sanarwar aure da suna da cigiya.

Ku yi lissafin wata a takarda da farashinku na yau. Ga misali don a ga tsarin: forfe na mutum huɗu jaka 40, mai da kabu-kabu jaka 30, shafi jaka 5, ɗan alawus na wakilai huɗu jaka 60, ajiyar gyaran salula jaka 15, jimla jaka 150. Kanti goma masu biyan jaka 10 a wata sun kawo 100, sanarwa 25 a kan jaka 2 sun cika sauran. Kanti goma ƙanana sun fi attajiri ɗaya mai biyan duka, domin ran da labari ya taɓa ƙaninsa zai janye, ku kwana da yunwa. Kada mai talla ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shiga.

Ɗan kasuwa ba ya sayen adadin mabiya, ciniki yake saye. Ku ba shi mako ɗaya kyauta, tallan ya ce duk wanda ya zo ya ambaci sunan shafin za a rage masa dala ashirin. Shi da kansa zai ƙirga waɗanda suka zo. Bayan nan kuɗi a gaba, a ba da rasi. Bashin talla a garin da kowa ɗan uwan kowa ne ba ya dawowa. Talla ɗaya ko biyu a cikin muryar minti uku ya isa, kowanne daƙiƙa 15, a fara da kalmar "talla" a fili. Mai maganin da ya ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da kwalba ɗaya, a mayar masa da kuɗinsa komai yawansu. Rasuwa da cigiyar yaro kada a karɓi ko dala, su ne ke sa gari ya ɗauke ku nasa. Ƴan gari da ke waje, in an buɗe musu hanya ta Nita ko Amana ko Airtel Money, wasu za su riƙa aiko gudummawa, sai a riƙa bayyana jimlar abin da ya shigo kowane wata.

Akwai kuma ambulan ɗin da ake miƙa wa ƴan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Shawararmu a ƙi karɓa. In ƙungiya tana son a ba da rahoton taronta, ta biya shafin da faktir, a rubuta a kai cewa an ɗauki nauyinsa. Wakilin da ya saba da ambulan zai bar layin famfo ya koma bin otal-otal, shafin ya rikiɗe ya zama irin abin da kuka ce za ku bambanta da shi.

Su tsofaffin kafofin ma ba lalle ne a yi gaba da su ba. Ku kai wa gidan rediyo farashin Alhamis kyauta, da sharaɗin su ambaci sunan shafin idan sun karanta. Tallan da ba za ku iya saye ba ke nan. Ku nemi tsohon ɗan jarida, ko wanda ya yi ritaya, ya riƙa duba duk labari mai haɗari kafin ya fita, ko da ɗan goro ne kuke ba shi. Shi ya san kalmar da ke kai mutum kwamisariya. Idan kun ɗauko daga wata kafa ku faɗi sunanta. Idan su suka ɗauki naku ba su faɗa ba, a kira edita a gaisa a tuna masa, tonon silili a Facebook ba ya ƙara muku komai.

Don sanin ko kuna ci gaba, kada ku dogara da yawan masu danna alamar so. Ku ƙirga mutum nawa suka kira ko suka aiko labari a mako, kanti nawa suka sake biya wata na biyu, da sau nawa aka tambaye ku "yau lafiya ba mu ji ku ba?" Gajiya ita ce ke kwantar da yawancin shafuka, don haka a raba kwanaki tun farko, kowa ya san ranar da zai karanta da ranar hutunsa, a kuma samu murya ta biyu da jama'a suka saba da ita saboda ranar zazzaɓi ko tafiya. Da azumi a mayar da na safe bayan azahar, na yamma bayan asham. Kowace Juma'a a kwafe kayen ruwa da na farashi da duk muryoyin mako a katin ajiya biyu, ɗaya ya kwana a wani gida daban. Ranar da babu wani abin kirki da ya faru, a fito dai ƙarfe bakwai, a faɗi ruwa da kuran da kantin maganin da ke gadi, a yi sallama cikin minti ɗaya.